DAGA FAGE ZUWA GIDA: TARIHIN WURIN DAMBE DA KALMOMINSA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraren labarin wasanni a rediyo zai lura cewa a yau ba kasafai ake jin an ce "fagen dambe" ba. Abin da ya fi yawa a bakin mutane shi ne "gidan dambe". Da jin farko mutum zai ce ai duk kanwar ja ce. To amma bai kamata ɗalibin harshe ya bar irin wannan sauyi ya wuce shi ba tare da ya tambayi dalili ba, domin kalma ba ta barin gurbinta haka kawai, sai in wani abu ya motsa a rayuwar masu ita.

Da harshen Gbagyi na buɗi baki. Hausa kuwa a unguwarmu Kwamba ta garin Suleja na tsince ta, a wajen wasa da bakin kasuwa, kafin in zo jami'a in zauna mata. Wanda ya koyi harshe daga baya yakan tsaya a kan kalmomin da mai harshen yake tsallakewa a guje, kuma wannan ne ya jawo hankalina ga batun. Wannan maƙala za ta duba yadda dambe ya tashi daga buɗaɗɗen fage ya shiga cikin katanga, ta kwatanta shi da abin da ya faru da wani wasa a ƙasar Kanada da kuma kokawa a Jamhuriyar Nijar, sannan ta tsettsefe wasu kalmomin da suka danganci wurin wasan.

2.0 Fage Kafin Katanga

A al'adar Hausawa dambe wasan mahauta ne, lokacinsa kuma shi ne kaka. Idan an gama girbi, rumbuna sun cika, sai 'yan dambe su ɗauki makaɗansu su riƙa bin ƙauyuka da kasuwanni suna neman abokan karawa. Ba a gina wa wasan komai. Duk inda aka sami sarari mai yashi, a ƙofar fada ko a gefen kasuwa, nan ya zama fage.

Muna da shaida a rubuce game da haka. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Hugh Clapperton, ya sauka Kano a farkon shekarar 1824, kuma ya ba da labarin damben da ya gani a littafin tafiye-tafiyen da aka buga a 1826. Ya ce ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, don haka ya sa ladan wuri 2,000 domin a yi wasan a gabansa, bisa sharaɗin kada a yi da gaske, saboda an gaya masa akan rasa rai. Da gari ya waye sai ga 'yan dambe da makaɗa biyu, mahautan gari suna biye da su. Abin da ya fi muhimmanci ga nazarinmu shi ne yadda aka samar da wurin wasan: mai kula da sha'anin ya riƙa watsa wa 'yan kallo ƙasa don su ja da baya, nan da nan da'ira ta fito. Ya kuma ce da labari ya bazu, 'yan mata sun bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa sun ajiye kayansu, kowa ya sheƙo kallo.

A wannan ɗan labari za mu iya tsintar siffofi uku na fage. Na farko, jikin mutane shi ne katangarsa. In sun matso ya tsuke, in sun ja baya ya buɗe. Na biyu, ba shi da ƙofa, saboda haka babu wanda za a tare a ce ya biya. Wanda ya shirya wasa shi ke ba da lada, masu hali kuma su yi kari. Na uku, da an tashi wasa fage ya ɓace, ya koma hanya ko wurin shanya. Ke nan fage ba ya rayuwa sai da taro.

3.0 Darasi Daga Ƙasar Ƙanƙara

Kafin mu shiga gidan dambe, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin a can an rubuta ranar da wani wasa ya shiga ƙarƙashin rufi, an kuma ga abin da rufin ya yi masa.

A ƙasar Kanada sanyin hunturu yakan daskarar da tafkuna da koguna har mutum ya yi tafiya a kansu. Tun da daɗewa samari sukan ɗaura takalma masu ƙarfe a ƙasa, su riƙa zamiya a kan ƙanƙarar suna bugun ƙwallo da sanduna masu lanƙwasa. Babu iyakar fili, babu ƙayyadadden adadin 'yan wasa. Duk wanda ya zo ya shiga. A watan Disamba na 1862 aka buɗe wani katafaren rufaffen gini a birnin Montiriyal, aka sa masa sunan Sarauniya Biktoriya. An gina shi ne don masu hali su riƙa zamiya da shagulgula a ciki ba tare da iska da dusar ƙanƙara sun dame su ba. Babu injin daskarar da ruwa. Sanyin gari ne ke yin aikin, shi ya sa a hunturu kawai ake zamiya a cikinsa.

Ranar 3 ga Maris, 1875, wani matashi mai suna James Creighton, mutumin garin Halifaks, ya shirya wasan ƙwallon gora a cikin wannan gini, tare da abokansa waɗanda akwai ɗaliban Jami'ar McGill a cikinsu. Wannan shi ne wasan da ake lissafawa a matsayin na farko da aka tsara aka buga a cikin rufaffen wuri. Nan take gini ya fara kafa dokokinsa. Da yake wurin ba zai ɗauki taro ba, sai aka tsaya a kan mutum tara kowane ɓangare. Da yake 'yan kallo suna tsaye dab da ƙanƙarar, ba shinge a tsakani, sai aka ji tsoron ƙwallo mai tsalle za ta ji wa wani rauni, aka maye gurbinta da ɗan faifan katako mai sulɓi a ƙasa. Wannan faifai shi ne kakan faifan robar da ake bugawa a yau. Hatta girman filin ya zama gado: tsawon ƙanƙarar ginin ƙafa 204 ne, faɗinta ƙafa 80, filayen manyan ƙungiyoyin Kanada da Amurka na yanzu kuwa ƙafa 200 ne da ƙafa 85.

A wannan gini ne aka buga wasannin neman Kofin Stanley a 1894. Da 'yan kallo suka yi yawa, sai a 1898 aka buɗe wani gidan a birnin, wanda aka gina musamman don wasan, da kujerun zama. Tsohon gidan ya riƙa ja da baya, a 1925 aka sayar da shi, aka yi wurin ajiye motoci a gurbinsa. Gini ya tafi, amma rigar da ya yanka wa wasan tana nan a jikinsa.

4.0 Filayen Kokawa a Nijar

Shekara ɗari cif bayan wasan Montiriyal, wato a 1975, gwamnatin Saini Kunce ta Nijar ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a garin Tawa. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jihohi, aka kuma gina filayen kokawa na dindindin a manyan garuruwa, masu katanga da matakalan zama, da da'irar yashi a tsakiya. Filin Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi. Tsarin da gasar ta zauna a kai shi ne jihohi takwas, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo 'yan kokawa goma. A ƙarshen 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi karo na shida.

Abin lura a nan shi ne, hukuma ce ta yi ginin, shi ya sa ba a ce "gidan kokawa" ba, aka ci gaba da cewa "filin kokawa", kamar yadda ake cewa filin ƙwallo ko filin idi. Wuri ne na jama'a, ba shi da mai gida. Wannan bambanci zai taimaka mana a sashe na gaba.

5.0 Gidan Dambe a Kewayen Suleja

Garinmu shi ne tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja, na gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa a 1828. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a wannan yanki. Sabon birni ya karɓi sunan Abuja, tsohon gari kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Aikin ginin birnin da komowar gwamnati daga Legas a 1991 sun kwararo da dubban mutane: magina, leburori, direbobi, mahauta, 'yan tireda da 'yan cirani. Da yawansu ba su iya kama haya a tsakiyar birni ba, sai suka zauna a Suleja, Madalla, Zuba, Dei-Dei da Maraba.

Irin wannan taro shi ke haifar da gidan dambe. Ga mutanen da suka taso da kallon wasan a ƙauyukansu, ga 'yan kuɗi a aljihu kullum maimakon dami sau ɗaya a shekara, ga kuma kewar gida. Sai wani mai hali ya kama fili, ya kewaye shi da kwano ko bulo, ya jera bencina, ya sa mutum a bakin ƙofa yana yankar tikiti. A shekarun 2010 sashen Hausa na BBC ya sha kawo rahoton wasannin safiyar Lahadi daga gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei da kuma gidan Idris Bambarewa da ke Maraba a Jihar Nasarawa. Daga Kwamba, in mutum ya bi ta Madalla da Zuba, Dei-Dei ba ta da wani nisa, kuma a lokutan hutu na sha bin samarin unguwarmu zuwa kallo a wannan yanki, da ɗan littafina a aljihu.

Mafi yawan gidajen dambe ba su da cikakken rufi irin na Kanada. Rumfa ce kawai a kan wasu kujeru. Amma katanga da ƙofa sun isa su sauya wasa, kuma ga abin da suka sauya:

(a) Lokaci. Dambe ya daina jiran kaka. Mai gida yana da haya da ma'aikata, don haka dole wasa ya gudana rani da damina.

(b) 'Yan wasa. Ba a tambayar ko mutum ɗan mahauta ne. Duk mai ƙarfin hannu da zuciya yana iya ɗaura zare, har dambe ya zama sana'ar da wasu ke ci da iyali da ita.

(c) Lada. Bayan karin da 'yan kallo ke yi, akan sa gasa ta kuɗi ko babur ko mota, har aka sami kalmar "damben mota".

(d) Doka. Wanda ya biya kuɗi yana son ya ga wasa da yawa kafin duhu, shi ya sa ake da alƙalin wasa mai usur, kuma galibi akan raba 'yan wasa bayan turmi uku.

(e) 'Yan kallo. A nan ne aka yi asara. Yarinyar da ta bar tulunta a bakin rijiya a 1824 ba ta da wuri a gidan dambe, haka ma yaron da ba shi da kuɗin ƙofa. A da yaro yakan haddace kirari da take a tsaye a bayan manya, ba tare da ya san yana koyon adabi ba.

Daga baya wata ƙofar ta sake buɗewa, domin tun daga 2017 tashar Dambe Warriors ta fara sa wasanni a YouTube, wasu ma suka bi sahu. Sai dai mai ɗaukar hoto naushi yake bi; sau da yawa akan yanke kirarin, a kuma danne muryar makaɗi.

6.0 Nazarin Kalmomi

6.1 Sunayen wuri

Fili shi ne uwa: duk wani sarari, ko ana wasa a cikinsa ko ba a yi. Dandali fili ne na cikin gari da aka san shi da taruwar samari da 'yan mata da dare. Fage kuwa wurin gwada ƙwanji ne, shi ya sa muke da fagen fama da fagen daga, har aka aro shi aka ce fagen siyasa da fagen ilimi. "Share fage" asalinsa sharar gaske ce, a kawar da tsakuwa da ƙaya kafin a shiga. Yanzu ya zama gabatarwar kowane abu. A gidan dambe, wasannin ƙananan yara da ake fara yi kafin manya su fito su ne "sharar fage". Wato kalmar fage ba ta mutu ba, ta dai shige cikin gida, ta zama sunan da'irar tsakiya kawai.

Gida kuma ya bi sahun wani tsari mai yawan haihuwa a Hausar zamani: gidan waya, gidan rediyo, gidan mai, gidan sinima, gidan kallo, gidan abinci. A duk waɗannan, gida yana nufin kewayayyen wuri mai ƙofa, mai shugaba, wanda ake gudanar da wata hidima a cikinsa. Saboda haka duk wanda ya ce "gidan dambe", ya riga ya faɗi cewa akwai mai shi, akwai kuma kuɗin shiga, ko da bai ambace su ba.

6.2 Kalmomin cikin wasa

Turmi: A kicin abin daka ne, a kasuwa ma'aunin atamfa ne, a dambe kuwa zagaye ɗaya ne na karawa. Misali: "Ya buge shi a turmin farko."

Kisa: Kayar da abokin karawa, ko da hannunsa ne ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. "An yi turmi uku babu kisa" na nufin an tashi canjaras. Mu masu koyon Hausa ya kamata mu riƙe wannan da kyau, musamman wajen fassara, domin wanda aka kashe a dambe yakan tashi ya karkaɗe jikinsa.

Sa zare: Zare shi ne igiyar da ake naɗewa a hannun bugu. Daga nan "sun sa zare" ya zama "sun dambata". An ambaci kayan aiki ana nufin aikin kansa.

Shago: A rubuce ɗaya yake da shagon ɗan tireda, amma a dambe gwani ne. Shi ne laƙabin shahararren ɗan damben nan da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa waƙa. A yau in an ce "Shagon wane", ana nufin yaron da ya taso a hannun wane. Haka ake gina sauran laƙubba: Bahagon wane ga mai bugu da hagu, da Dogon wane, da Autan wane, da Garkuwan wane. Sunan ɗan dambe salsalarsa ce ta sana'a.

Take da kirari: Take kiɗa ne da aka keɓe wa ɗan wasa, wanda da ya ji shi a kalangu tsikar jikinsa za ta tashi. Kirari kuwa da bakinsa yake yi, yana wasa kansa yana razana abokin gaba.

Ajo: Wasan da ake shiryawa don a tara wa wani gudummawa, kamar in zai yi aure ko wata hidima.

Ɓangare: 'Yan dambe sun kasu uku, Kudu da Arewa da Guramada, kuma akan kira Arewa da Jamus. Ɗan kallo yakan riƙe ɓangarensa kamar yadda ake riƙe ƙungiyar ƙwallo.

6.3 Matsalar fassara

Sashe na uku ya tilasta mini neman sunan wasan da ƙasar Hausa ba ta san shi ba. Hausa ta riga ta tanadi "ƙwallon gora" ga wanda ake bugawa a kan ciyawa. A kula, gora biyu ce a rubuce: ta sanda mace ce, ita ce ake cewa "gorar makiyayi", na duma namiji ne, shi ne "goran ruwa", karin sautinsu ma ya bambanta. In muka ce "ƙwallon gorar ƙanƙara", mai sauraro zai iya ɗauka sandar ce aka yi da ƙanƙara. Don haka na fi son "ƙwallon gora a kan ƙanƙara", ko da ya fi tsawo. Haka nan in aka ce "gidan ƙanƙara", mutumin Suleja zai nuna maka inda ake sayar da ƙanƙarar sanyaya zoɓo da kunun aya ne. "Gidan wasan ƙanƙara" ya fi tsira daga ruɗani. Ƙa'idar ita ce, kafin ka ƙirƙiri suna, ka fara tambayar ko masu harshen sun riga sun ba wani abu wannan sunan.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa sauyin da aka samu daga "fagen dambe" zuwa "gidan dambe" yana ɗauke da tarihin ƙaura daga ƙauye zuwa birni, da shigowar kuɗin ƙofa, da komawar wasa sana'a. Misalin Kanada ya nuna yadda gini ke yanka wa wasa doka, na Nijar kuma ya nuna cewa wanda ya yi ginin yana da hannu a sunan da za a kira shi.

Mutanen Montiriyal sun san rana da wata da shekarar da wasansu ya shiga gida, domin jaridun garin sun rubuta. Gidan dambe kuwa na kwano ne a kan filin haya. Ranar da mai fili ya buƙaci abinsa, a yini ɗaya za a kwashe, tarihinsa ya saura a bakin tsofaffin 'yan dambe da makaɗa. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, ita ce kowa ya nemi gidan damben da ke kusa da garinsu, ya tambayi wanda ya kafa shi da shekarar da aka kafa shi, ya ɗauki kirari da take a waya, ya rubuta laƙubba da ma'anarsu. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma dattawan da suka ga fage kafin katanga ba ƙaruwa suke yi ba. Allah ya ba mu ikon yi, amin.